Matambayi Ba Ya Ɓata: Ina Kwaɗin Kududdufinmu Suka Tafi?

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda marka ta kankama, wasiƙu uku suka iso mini a kan halitta ɗaya, wato kwaɗo. Na ajiye sauran tambayoyin sai fitowa ta gaba, domin na daɗe ina neman wanda zai tono mini wannan magana.

Ta farko daga wani malamin firamare ce a Daura. Ga abin da ya ce: "Malam, barka da aiki. A bayan gidanmu akwai kududdufi. Muna yara, in aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, kukan kwaɗi sai ya hana ka jin maganar wanda ke kusa da kai. Bana na kasa kunne dare uku a jere, sai ɗaya nan ɗaya can. Wani ƙanena ya nuna mini a waya cewa masana sun ce kwaɗo ba ya cikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. To wa zan gaskata, kunnena ko masana?"

Malam, barka kadai. Ka gaskata su duka biyun, domin ba abu ɗaya suka auna ba.

Bari mu fara sanin wanda muke magana a kai. Kwaɗon da ke shigo mana tsakar gida, mai kaushin baya kamar an watsa masa tsakuwa, mai launin ƙasa da dabbare-dabbare, masana na kiransa Sclerophrys regularis. Wani Bajamushe mai suna Reuss ne ya fara rubuta siffarsa a 1833, kuma daga Masar aka samo wanda ya duba. Littattafan da na yi koyarwa da su Bufo regularis suke ce masa, daga baya aka sauya sunan. Yana da ɗan'uwa a nan yankinmu mai ƙarancin ruwa, Sclerophrys xeros, wanda suka yi kama ƙwarai, sai ka juya shi ka ga jan zane a bayan cinyarsa kafin ka bambance su. Mu dai duk kwaɗo muke cewa.

Wannan kwaɗo ya bazu daga Senegal har Habasha da Kenya, ya bi kogin Nilu har Masar. Yana zama a daji, yana zama a fadama da lambu, yana zama a tsakiyar birni. Abinci ba ya zaɓe: tururuwa, gara, shinge, buzuzu, gyare, duk abin da ya motsa ya kuma shiga bakinsa. Mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a lokaci guda. Saboda waɗannan dalilai ne Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, wato IUCN, mai hedikwata a Suwizalan, ta sa shi a matakin ƙasa na kundinta, matakin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Kundin nan tun 1964 ake tara shi, kuma hawa-hawa ne: daga waɗanda ba a fargaba a kansu, sai waɗanda suka kusa shiga haɗari, sai masu rauni, sai waɗanda ke cikin haɗari, sai waɗanda ke bakin ƙarewa, sai waɗanda suka rage a gidajen ajiye dabbobi kaɗai, sai waɗanda suka ƙare ƙaf. Abin da ƙanenka ya nuna maka gaskiya ne.

Sai dai ka lura da tambayar da kundin ke amsawa. Tambayar ita ce, wannan nau'in zai shuɗe daga doron ƙasa baki ɗaya nan kusa? Ba a tambayi kundin labarin kududdufin bayan gidanku ba. In kwaɗin Daura duka suka ƙare gobe, Allah ya kiyaye, muddin na Kumasi da na Kampala da na bakin Nilu suna nan, matsayinsa a kundin ba zai motsa ba. Kamar a ce maka hatsi ya yi albarka a Najeriya bana, alhali rumbunka wayam. Ba ƙarya aka yi maka ba, amma ba zai sa a ɗora tukunya a gidanka ba.

Ni ma abin da ka ji shi na ji. Na tashi a cikin birnin Katsina wajen Ƙofar Marusa, kuma tsakanin gidanmu da makarantar allo akwai kududdufai uku. Ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini, damina ta zo ta cika su. Da safe in za mu wuce, mukan tarar da ƙwan kwaɗo a bakin ruwa, dogon zare mai yauƙi da baƙaƙen ɗigo a jere kamar carbi, ya nannaɗe a jikin ciyawa. Bayan kwana biyu ko uku sai ka ga ruwan gefe ya yi baƙi da 'ya'ya masu wutsiya suna kiwon gansakuka. Bayan wasu makonni ƙafafu su fito, wutsiya ta shanye, sai hanya ta cika da ƙananan kwaɗi da ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, har sai ka riƙa duba inda za ka taka. Yau duka ukun babu. Biyu an cike su da shara an yi gini a kai, ɗayan ya zama kantuna. Tunda aka koma bulo da siminti ba a haƙa sababbin ramuka a cikin gari, tsofaffin kuma filaye sun yi tsada ba a bar su ba.

Sirrin abin yana wajen haihuwa. Babban kwaɗo jarumi ne wajen jure rani. Yakan shige rami ko ƙarƙashin dutse ko gindin randa, ya lafe wata da watanni. A ɗakin mahaifiyata akwai wani da ya yi shekaru a bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi, kuma ba ta taɓa yarda a kore shi ba. Ba da baki yake shan ruwa ba, da fatar cikinsa yake tsotsa, shi ya sa za ka gan shi ya baje a kan damshi. Amma duk juriyar nan ba ta kai ga ƙwansa ba. Dole sai ruwa a kwance, mai ɗan tsabta, wanda zai yi makonni bai ƙafe ba. In ka ɗauke wannan ruwan, manyan za su ci gaba da shigowa gidaje shekara biyu, uku, mutane na ganin ai kwaɗi na nan, alhali babu na baya. Ran da tsofaffin suka mutu sai unguwa ta yi tsit, a rasa ranar da abin ya fara.

Inda ruwan ya rage kuma, mun ɓata shi. Fatar da yake sha da ita, da ita yake shan duk abin da muka zuba. Maganin feshi na kashe ciyawa da na ƙwari, ruwan sama na wanke shi daga gona ya gangara fadama, kuma da idona na ga masu feshi suna wanke tankinsu a bakin ruwa wajen Ajiwa. Tun 2002 wani bincike a Amurka ya nuna cewa maganin ciyawa mai suna atrazine, ko da ɗan kaɗan ne a ruwa, yana rikita halittar mazan kwaɗi, kuma ƙasashen Tarayyar Turai sun daina amfani da shi tun wajen 2004. Ga ruwan sabulu da na wankin mota, ga leda. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata damina da wani maƙwabcinmu, da kyakkyawar niyya, ya juye galan na baƙin mai a wani ɗan tafki don ya kashe sauro. Washegari na je na tarar da 'ya'yan kwaɗin sun taso sama, sun yi layi a bakin ruwa kamar an zuba baƙin wake. Sauro kuwa bai ragu ba, domin shi ko sawun kofaton saniya ruwa ya kwanta a ciki ya ishe shi haihuwa.

Ba na cewa kududdufi alheri ne zalla. Na san gidajen da suka rasa yara a cikinsa, na san tsargiya, na san wari. Wanda ya ce a cike na tsakiyar unguwa yana da hujja. Abin da nake ƙi shi ne a cike duka, har na bayan gari da na fadama, ba tare da an tsaya an tambayi ina ruwan zai tafi ba, ina kuma abin da ke cikinsa zai koma. Ruwan da aka hana wurin kwanciya ai gidajen mutane yake shiga, mun kuma gani.

In ka ɗaga kai ka dubi duniya, dangin kwaɗo su ne suka fi shiga uku a cikin dabbobi masu ƙashin baya. Babban binciken da aka fitar a 2023 ya duba nau'i 8,011, ya samu kusan kashi 41 cikin 100 na fuskantar barazanar ƙarewa. Babban dalili shi ne lalacewar mazauni, noma da gini da sare daji, sannan sauyin yanayi, sannan wata cuta mai kama da funfuna da ke cin fatarsu. Wani bincike na 2019 ya danganta cutar da raguwar nau'i 501, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Cutar ta fi son wuri mai sanyi da laima kamar kan duwatsu, zafi irin namu ba ya yi mata daɗi, wannan kuma rahama ce a gare mu. Waɗanda suka fi faɗawa su ne masu ƙaramin gida. A Tanzaniya akwai wani ɗan kwaɗo da duk duniyarsa ita ce feshin ruwan da ke zubowa daga dutse a kwazazzabon Kihansi. Aka gina madatsar wutar lantarki, feshin ya ragu, zuwa 2009 aka ayyana cewa babu shi a daji, sai waɗanda aka kai gidajen dabbobi a Amurka, daga cikinsu ne aka dawo da wasu daga baya. A nan gida ma muna da irinsa, Sclerophrys perreti, wanda ba a san shi ko'ina ba sai duwatsun Idanre a Jihar Ondo, kuma yana matakin bakin ƙarewa. Ɗan gidansu ɗaya ne da na bayan randarmu.

Za ka ce to namu ai ba irin waɗannan ba ne, shi mai yawa ne, mai jure wahala. Haka ne. Amma Malam, ka tuna ungulu. Wanda duk ya kai shekara arba'in a Katsina ko Daura ya san yadda take cika mahauta da kan rufin kasuwa, har ba a ɗaga kai a dube ta. Ita ma a wancan kundin tana matakin waɗanda ba a fargaba a kansu. A 2011 aka ɗaga ta zuwa masu haɗari, a 2015 aka kai ta bakin ƙarewa. Guba da farautar sassan jikinta don tsibbu suka cinye ta muna kallo. Yaushe rabonka da ganin ungulu a mahauta? Jikokina a hoto suka san ta. Ba wanda ya ƙirga ta lokacin da take da yawa, saboda kowa na ganin mai yawa ba ya ƙarewa, sai da ta tafi aka fara tambaya. Wannan ne ya sa wasiƙarka ta yi mini daɗi, domin kai ka fara tambaya tun ana jin sauran kuka.

Dare uku dai bai isa a yanke hukunci ba. Maza ne ke kuka don kiran mata, kuma sun fi yi a daren da aka yi ruwa mai yawa, musamman farkon damina. In ka saurara a daren da aka kwana biyu ba ruwa, za ka ji shiru ko da suna nan. Ga abin da nake roƙonka, tunda kana da aji a hannunka. Ka sayi littafi ɗaya na rubutu. Ka zaɓi wuri uku, misali kududdufinku, da wata fadama, da wani gefe na dam ɗin Daberam ko Sabke in kana zuwa can. Duk daren da aka yi ruwa, bayan sallar isha'i, a tsaya minti biyar a saurara, a rubuta kwanan wata da abin da aka ji: shiru, ko ɗaya-ɗaya da za a iya ƙirgawa, ko sun haɗe ba a iya rabewa. A ɗauki sautin da waya. Da safe yara su duba ko akwai zaren ƙwai, daga bakin ruwa, da babba a tare da su. In ka yi haka damina biyar, kana da abin da za ka ajiye a gaban mai unguwa ko malaman sashen ilimin halittu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma ba mai ce maka zato kake yi.

Wasiƙa ta biyu daga wata uwa ce a Ƙofar Ƙaura, Katsina: "Malam, kwaɗi sun dame ni a banɗaki da gindin famfo. Yarana na wasa da su, ina tsoron dafi. Wata maƙwabciyata ta ce in zuba musu gishiri, wata kuma ta ce turo su ake yi. Mene ne gaskiya?"

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, damshi ne ya kawo su, da ƙwarin da ke taruwa a gindin fitila. Ki zauna wata rana bayan magariba lokacin da shinge ya fito ki kalli ɗaya. Zai tsaya cik kamar dutse, shinge ya gifta, kafin ki ƙifta ido ya ɓace, sai ki ga kwaɗon ya runtse idanunsa sun nutse ciki. Da idanun yake taimaka wa kansa tura abincin zuwa maƙogwaro. Haka zai yi ta yi har dare ya raba. Gara da kyankyasai ƙanana da tururuwar da ke shiga miki kicin, shi ke rage su.

Dafi kam yana da shi. Ki duba bayan idanunsa za ki ga kumburi biyu dogaye, nan ne yake fitar da wani farin ruwa mai ɗaci in an matsa masa. Ba ya cizo, ba ya harbi, taɓa shi kuma ba ya sa ƙuraje. Amma in ruwan ya shiga ido ko baki yana da zafi, kare ma in ya cafke shi sai ki ga yana ta dalala. Saboda haka yara su daina ɗaukarsa, wanda ya taɓa ya wanke hannu da sabulu, in ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa. Mai rarrafe da ya sa shi a baki, a kai shi asibiti ba tare da jira ba. Abu na biyu da ba zan ɓoye miki ba, wasu macizai, kamar kumurci, suna cin kwaɗo. Maganin wannan shi ne a kwashe tarkace da tulin itace da bulo daga jikin bango, a gyara famfon da ke ɗiga, a toshe ƙasan ƙofar banɗaki.

Gishiri kuwa kada ki zuba. Yana zuƙe ruwan jikinsa ta fata, mutuwa ce ta azaba a hankali. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wani mai magani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Ki sa tsintsiya ki tura shi cikin bokiti, a kai shi lambu ko bakin kwata a sake shi.

Ta uku daga wani saurayi ce da ke kamun kifi a dam ɗin Zobe, wajen Dutsin-ma: "Baba, wasu fatake sun ce in riƙa kama musu burduddugi ina busarwa, za su saya buhu-buhu su kai kudu. Kifi ya yi ƙaranci, ga iyali. Akwai laifi?"

Ɗana, Allah ya buɗa maka. Ban raina neman halal ba, kuma na san yadda kifi ya ja baya. Hukuncin ci da sayarwa ka kai wa malaman fiƙihu, akwai maganganun mazhabobi a kai, ga kuma hadisin da na ambata a sama. Ni abin da na sani zan gaya maka.

Burduddugi daban yake da kwaɗon gida. Shi ne babban nan mai santsi, mai idanu a saman kai, wanda ke faɗawa ruwa da ƙarfi in ka matso. Sunansa a wajen masana Hoplobatrachus occipitalis, shi ma yana matakin waɗanda ba a fargaba a kansu, kuma shi aka fi kamawa don ci a Afirka ta Yamma. Wani bincike da aka buga a 2010 ya samu cewa mutum 32 kacal masu wannan sana'a a Najeriya suna hada-hadar kwaɗi kimanin miliyan 2.7 a shekara, har wasu na tsallakawa arewacin Jamhuriyar Benin nemansa. Mai tsallaka iyaka neman abu, ka san na kusa da shi ya yi ƙaranci. Fataken da suka zo maka ma ka tambaye su ina suke saye a da, me kuma ya sa suka baro can.

Ka kuma san abin da za a rasa. 'Ya'yan burduddugi, ba kamar na kwaɗon gida ba, mafarauta ne tun suna cikin ruwa, suna cin tsutsar sauro. Manyan kuma suna cin fara da ƙwarin da ke addabar shinkafa da kayan lambu a bakin dam. Indiya ta yi shekaru tana sayar wa Turai cinyoyin kwaɗi, sai da ta hana fitar da su a 1987, bayan sun ragu a gonakin shinkafa an kuma koka da yawaitar ƙwari. Masu noman rani a Zobe 'yan'uwanka ne, kuɗin feshin da zai ƙaru daga aljihunsu zai fita.

In malamai sun ba ka dama, kuma ka ga ba makawa, to kada ka taɓa su daga saukar damina har ƙarshen Agusta, lokacin da suke zuba ƙwai. Ka bar manyan mata da ƙananan da ba su kai ba. Kada ka kwashe wuri ɗaya tas, musamman da rani in sun taru a ɗan ruwan da ya rage, domin su ne irin baɗi. Kada kuma ka yarda wani ya ba ka magani ka zuba a ruwa don su taso, ruwan nan shi shanu ke sha, shi kifinka ke ciki, daga dam ɗin ma mutane ke sha. Ka zauna da Sarkin Ruwa da sauran masunta ku tsayar da wannan a tsakaninku tun kafin fataken su dawo da buhunansu, ka kuma rubuto mini yadda kuka yi.